Katunan duba masu ɗauke da sunan Tantra: wanne za ka saya, kuma don wane aiki?

Ƙanwata da ke karatun zane a jami'a ta turo mini hotunan kwalaye uku ta WhatsApp, ta ce, "Yaya, wanne zan saya? Aikina na ƙarshen shekara a kan yadda Turawa ke aron hotunan ibadar Indiya ne." Kowane kwali da kalmar da aka ƙawata shi da ita: wannan Tantra, wancan Dakini (ruhohi mata a tafarkin Tantra), ɗayan Kali (allahiyar mabiya Hindu). Ta tambaye ni ne don ta san na yi karatu a Indiya, kuma tun a can nake tara irin waɗannan katuna saboda son tarihin zane. Amsar da na ba ta ta yi tsawo, shi ya sa na ga gara in rubuta ta yadda wani ma zai amfana.

Bari in fara da matsayina. Ni Musulmi ne, ba na duba da su, kuma ba zan ba kowa shawarar ya yi ba. Gaibu sai Allah. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa kiban ƙuri'a da giya da caca a jeri ɗaya, kuma zaro kati daga kwali don jin abin da gobe za ta haifar bai da maraba da zaro kibiya daga jaka. Sai dai da sunan duba ake sayar da kayan nan, kuma ɗalibin zane, da malamin da ke koyar da tarihin addinai, da uban da ya tsinci kwalin a ɗakin ɗansa, duk suna da haƙƙin sanin abin da ke ciki kafin su kashe kuɗi ko su yanke hukunci.

Abin da mai talla ba zai faɗa maka ba shi ne, duba da kati ba tsohuwar al'adar Tantra ba ce. Tantra tafarki ne na ibada da ya bunƙasa a Indiya tun wajen ƙarni na 6, a cikin addinin Hindu da na Buddha, ya kuma shiga Tibet a ƙarni na 8. Kayan aikinsa su ne kalmomin da ake maimaitawa, da zane-zanen da ake kira yantra da mandala, da mubaya'a ga malami. Katin duba kuwa ɗan Turai ne. Tarot ya fara ne a matsayin wasan karta a arewacin Italiya a ƙarni na 15, sai a ƙarshen ƙarni na 18 wasu Faransawa suka mai da shi abin duba. Haɗuwar biyun ta kwanan nan ce. A 1971 aka yi babban baje kolin zane-zanen Tantra a zauren Hayward da ke Landan, a daidai lokacin da samarin Turai da Amurka ke tururuwa zuwa Indiya da Nepal, kuma daga wannan guguwar katunan suka fito. Duk kwalin da ya ce maka sirrin shekara dubu ne a cikinsa, hotunan ne ƙila suka tsufa, amma tsarin katin ɗan jiya ne.

Ka kuma san bambancin tarot da abin da suke kira oracle. Tarot yana da ƙa'ida: kati 78, manya 22, ƙanana 56. Oracle kuwa ba shi da adadi. Mai shi ne ke yanke ko kati nawa zai yi da ma'anar kowanne, don haka littafin da ke cikin kwalin shi ne rabin kayan.

Wanda na fi daɗewa da shi a hannu shi ne Secret Dakini Oracle, na Nik Douglas da Penny Slinger, wanda ya fito a 1977, aka kuma sake buga shi a 2003 da sunan Tantric Dakini Oracle. Kati 65 ne, daga lamba 0 zuwa 64. Adadin 64 ɗin daga yogini 64 aka aro shi, matan da ake bauta wa a wasu tsofaffin wuraren ibada na Indiya. Na taɓa shiga na Hirapur, kusa da Bhubaneswar a jihar Odisha. Gini ne zagayayye marar rufi, bai fi babban zaure faɗi ba, ƙofarsa gajera sai ka sunkuya, kuma a jikin bangon an jera siffofin matan da baƙin dutse, kusan kowacce a tsaye a kan abin hawanta. Wanda ya ga wannan, ya dawo ya buɗe kwalin Douglas da Slinger, nan take zai gane cewa abu biyu ne daban. Ba siffofin yogini ne a katunan ba. Hotuna ne da aka yayyanko aka liƙa wuri ɗaya, gunkin Indiya a gefen sararin samaniya, ƙoƙon kai a gefen fure, salon da Slinger ta ƙware a kai tun tana ɗalibar zane a Landan. A ƙarƙashi kuma ƙashin bayan tarot ne: 22 na farko suna tafiya da manyan katunan tarot, 40 da ƙananan masu lamba, uku na ƙarshe kuma jiya da yau da gobe. Ga mai binciken yadda Turawa suka fahimci Tantra a shekarun 1970, babu kamarsa, domin shi kansa shaidar tarihi ne. Amma akwai tsiraici a wasu katunan, ba kayan da za a bari a falo inda yara ke kai-kawo ba ne.

Kali Oracle na Alana Fairchild, 'yar Ostareliya, da zanen Jimmy Manton, kati 44 ne, daga kamfanin Blue Angel. Ya fi na farko kyan bugu nesa ba kusa ba, launinsa na ɗaukar ido, littafinsa mai kauri. Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya zai gane fuskar: harshe a waje, sarƙar ƙoƙunan kai a wuya. Za ka ci karo da sunaye daga cikin Mahavidya goma, alloli mata na Tantra irin su Tara da Bhairavi da Matangi. Matsalata da shi ita ce muryar littafin. Magana ce irin ta masu ba da shawara kan kwanciyar hankali da warkar da ciwon zuciya, an yafa mata mayafin Indiya. Ɗalibin da ya ɗauki bayanin ciki a matsayin abin da masu bautar Kali a Kolkata suka yi imani da shi zai rubuta kuskure. In zanen zamani kake so, ya biya. In ilimi kake so, kuɗin ya fi amfani a littafin tarihi.

Osho Zen Tarot yakan faɗo cikin jerin idan ka nemi kalmar Tantra a shagunan intanet, saboda sunan Osho, wani malamin Indiya da ya yi suna da magana a kan Tantra. Kati 79 ne, ya fito a 1994, kuma Zen yake bi, wato wani reshen addinin Buddha na Sin da Japan. Ba shi kake nema ba.

Idan abin da kake son sani shi ne yadda mabiya Tantra da kansu suke duba, to ka nufi Tibet, kuma a can ma ba da kati ba ne. Sunan abin Mo. A tsarin da malaminsu Jamgon Mipham, wanda ya rayu daga 1846 zuwa 1912, ya rubuta, ƙwaya ce mai fuska shida kamar ta ludo, kowace fuska da gaɓa ɗaya daga addu'ar Manjushri, wanda mabiya Buddha ke ɗauka a matsayin ma'abocin hikima: AH RA PA TSA NA DHI. A jefa sau biyu, shida sau shida, amsa 36 ke nan, kowacce da bayaninta a kan lafiya da tafiya da dukiya da abin da ya ɓata. Bahaushen da ya san bugun ƙasa da gidajensa 16 zai gane dabarar ba tare da wahala ba. Kamfanin Snow Lion ya buga fassarar Turanci a 1990. Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa ko littafin ne kaɗai ko akwai katunan amsoshin da ƙwaya a tare, domin ba kowane bugu ne ke zuwa da su ba. Wannan ne kaɗai a jerin da zan iya cewa asalinsa daga cikin gida yake.

Akwai kuma wasu katuna biyu da masu sayarwa ke cusawa cikin kayan duba alhali ba su ba ne. Tsakli ƙananan zane-zane ne da malamin Tibet ke ɗaga wa almajiri lokacin mubaya'a, kuma jabunsu sun cika kasuwar kayan tarihi. Ganjifa kuwa karta ce ta wasa, zagayayya, ana zana ta da hannu har yau a Sawantwadi ta jihar Maharashtra da kuma Odisha. Samfurin Dashavatara kati 120 ne, gida goma, kowane gida 12. Ba Tantra ba ne, ba duba ba ne, amma a duk abin da na tara babu wanda ya kai shi aikin hannu, kana shafa shi kana jin tudun fenti a yatsa.

Sai maganar jabu, wadda ta taɓa ci na. Na ga wani kwali a wani shagon intanet da arha mai ban mamaki, na biya, na jira makonni. Da ya iso, katunan sun fi na asali ƙanƙanta, takardar sharara, jan launi ya koma kamar ruwan zoɓo da aka tsinka, babu littafi sai wata lamba da aka ce in haska da waya, ita ma ba ta buɗe komai ba. Arha ba ta ado. Tun daga ranar nake duba sunan kamfani da lambar ISBN a bayan kwali, in nemi hoton littafin a buɗe, in kuma gwada girman katin da wanda kamfanin ya bayyana a shafinsa. Ka lissafa kuɗin aikowa tun farko, domin da dala ake biya, kuma wani lokaci ya kan kusa kamo kuɗin kayan. Idan kana da ɗan'uwa mai dawowa daga Ingila ko Amurka, saƙo a jakarsa ya fi sauƙi.

Ƙanwata na ce mata ta sayi bugun 2003 na Dakini, ba na 1977 ba, wanda masu tara kayan tarihi suka tsauwala wa kuɗi. Na aika mata hotunan da na ɗauka a Hirapur ta ajiye su gefe da gefe da katunan, na kuma ce ta ari littafin Mo daga wurina idan ta zo hutu. Ta ce, "Yaya, Kali ɗin fa? Shi ya fi kyau." Na ce ta kalli hotunansa a shafin kamfanin, sun ishe ta babi ɗaya.