Mariƙan Allon Jifsum da Allunan Lulluɓe Gini: Abin Dubawa Kafin a Saya

Mafi yawan masu sayen kayan gyaran gini suna ɓata lokacinsu wajen zaɓen allon da ido zai gani, su bar maganar ƙarafunan da za su riƙe shi a hannun mai aiki, alhali idan silin ya lotsa ko bango ya tsage a mahaɗar alluna, da wuya a tarar laifin na allon ne. Mariƙi, wato ɗan ƙarfen da ake ɗaurewa a jikin gini domin ya kama sandar da allo zai kwanta a kanta, shi ne ke ɗaukar nauyi, shi ne kuma ke ɓoye karkatar bangon asali. Allon jifsum mai kaurin milimita 12.5, faɗin mita 1.2 da tsawon mita 2.4, yana kai wa kimanin kilo 25, kuma silin ɗaki guda yana cin irinsa da dama. Don haka kafin a tambayi wane allo ne ya fi kyau, ya kamata a fara sanin irin ginin da za a huda, da tazarar da ake so tsakanin allo da gini, da nauyin da za a rataya, da kuma ko wurin yana shan danshi.

A bangon cikin ɗaki hanyoyi uku ne ke gaban mai saye. Ta farko ita ce liƙa allon kai tsaye da gam ɗin jifsum, ba tare da ƙarfe ba. Ta fi sauri, ba ta cin filin ɗaki, amma tana bukatar busasshen bango wanda karkatarsa ba ta wuce kimanin santimita 2 ba, kuma ba ta barin sararin da za a bi da bututun ruwa ko audugar hana zafi. Ta biyu ita ce mariƙin kai tsaye, wani siririn ƙarfe mai huje-huje da ake ɗaure tsakiyarsa a bango, a lanƙwaso fikafikansa biyu su rungumi sandar CD 60/27, wadda faɗinta milimita 60 ne, zurfinta 27. Amfanin waɗannan huje-huje shi ne mai aiki yana iya matso da sandar ko ya tura ta baya har sai ta daidaita da ma'auni, sannan ya ɗaure ta, ya nannaɗe ragowar fikafikan. Ana samun sa da tsawo daban-daban, wanda aka fi gani shi ne mai milimita 125. Ta uku ita ce firam mai tsayuwa da ƙafarsa, na sandunan CW masu tsayuwa da UW masu kwanciya, masu faɗin milimita 50, 75 ko 100, wanda ake ɗaurewa a ƙasa da sama kawai. Wannan ya fi cin fili da kuɗi, sai dai idan bangon tsoho ne mai marmashewa, ko kuma babbar bukata ita ce rage ƙarar da ke ratsowa daga maƙwabcin ɗaki, shi ne zaɓin da ya dace, domin duk mariƙin da ya taɓa bango hanya ce da sauti zai bi. A ganina mariƙin kai tsaye ya wadatar a yawancin ɗakuna, kuma wanda ke son sassauci tsakanin biyun yana iya neman nau'insa mai roba a gindi, wanda ke rage girgiza.

Silin shi ne inda kuskure ya fi tsada, tunda abin da aka rataya yana bisa kan mutane ne dare da rana. Idan tazarar da ake so daga kankare ba ta wuce kimanin santimita 12 ba, mariƙin kai tsaye yana yin aikin a nan ma, kuma ya fi kowanne tsayuwa daram. Idan silin zai sauko sosai domin a ɓoye bututun iska ko wayoyi, sai a koma ga masu ratayewa, waɗanda iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai sifirin, wanda ake matse ɗan ƙarfensa da yatsu a zura sandar waya, a sake shi ya cije. Yana da saurin daidaitawa, amma a tsarin manyan kamfanoni irin su Knauf ana lissafa shi a ajin masu ɗaukar kilo 25 ne. Akwai kuma wanda ake kira Nonius, ƙarafuna biyu masu jerin ramuka da ake haɗawa a soke su da fil, wanda ake lissafawa a ajin kilo 40, daidai da mariƙin kai tsaye. Bambancin da ya fi wannan muhimmanci shi ne Nonius ba ya lanƙwashewa idan iska ta tura silin sama, abin da sandar waya ba ta iya jurewa. Saboda haka a baranda, ko a zauren da ke da manyan ƙofofi, ko inda za a jera allo biyu domin kariyar gobara, ba wayo ba ne a sayi mai sifirin don kawai ya fi araha.

Duk ƙarfin mariƙi bai wuce na abin da ya kafe shi a jikin gini ba. Fishar roba, wato abin da ake cusawa a ramin da aka huda domin sukuru ya kama, tana da amfani a bango, inda nauyi ke jan ta ƙasa a kaikaice, amma a silin nauyin yana zaro ta ne kai tsaye, roba kuma tana saki a hankali, idan wuta ta tashi kuwa narkewa take yi. A kankaren sama fishar ƙarfe ake sa, wadda ake bugawa ta buɗe a cikin rami. A bulo mai rami a ciki ana bukatar nau'in da ke ƙullewa ko buɗewa a bayan fatar bulon, a katako kuma sukurun katako ya isa, muddin ya shiga cikin gungumen sosai. Fanka da fitila mai nauyi ba a rataya su a jikin allo ko sandarsa. Kowacce tana bukatar nata maƙalin daga kankare.

Wajen sayen sandunan kansu, kauri ne abin da aka fi yin algus da shi. Ma'aunin da aka saba gina lissafin tsarin a kansa shi ne milimita 0.6, amma kasuwa cike take da masu 0.4 da ma ƙasa da haka, waɗanda ido ba ya rarrabewa daga nesa. Idan aka riƙe sandar a gefe ɗaya aka murɗa, siririyar tana juyawa ba gardama, kuma a wajen aiki sukuru yakan yi ta juyawa a cikinta bai kama ba. Sai kuma rufin zinkin da ke hana tsatsa: alamar Z100 tana nufin giram 100 na zinki a kowace murabba'in mita idan aka haɗa fuskoki biyu, ta kuma wadatar a busasshen ɗaki, Z275 kuwa ita ce ta fi dacewa da wurin da ke shan laima. A banɗaki, sayen koren allo mai jure danshi a ɗora shi kan ƙarfen da zai yi tsatsa cikin 'yan shekaru asarar kuɗin allon ne kawai.

Tazarar sanduna tana shafar yawan mariƙan da za a saya. A bango ana jera su duk bayan santimita 60 ga allo mai faɗin mita 1.2, a matso da su zuwa 40 idan za a liƙa tayil a kai. A silin kuwa tsakanin 40 da 50 ake bari. Sukuru mai ƙananan zare na ƙarfe ne, mai manyan zare na katako, kuma mai tsawon milimita 25 ya isa allo ɗaya, mai 35 ya isa biyu, domin ana so ya ratsa ƙarfen da aƙalla milimita 10. Kansa ya kamata ya nutse kaɗan a cikin takardar allon ba tare da ya yaga ta ba. Wanda ya shafa yatsa a wurin zai ji ɗan kwarmi mai santsi. Idan kuwa farin gari ya fito a gefen kan, to wannan sukurun ba ya riƙe komai, sai a ƙara wani kusa da shi.

Allunan lulluɓe gini ta waje, ko na siminti mai zare ne, ko na alminiyum, ko na katako, suna da nasu mariƙin dabam, mai siffar kusurwa, wanda ke ɗauke da doguwar sanda a tsaye tare da barin sarari na aƙalla santimita 2 a bayan allo domin iska ta zagaya ta busar da ruwan da ya kutsa. A nan zafin rana ne babban abin lissafi. Alminiyum yana miƙewa kusan ninki biyu na ƙarfe, ta yadda sanda mai mita 3 za ta ƙaru da sama da milimita 3 idan zafi ya sauya da digiri 50. Shi ya sa tsari mai kyau yake zuwa da mariƙi iri biyu: ɗaya mai zagayayyen rami wanda ke ɗaukar nauyi, sauran kuma masu dogon rami da ke barin sandar ta zame sama da ƙasa suna tare iska kawai. Wanda ya ɗaure duka tamau zai ga allunan suna banƙarewa ko suna tsagewa a bakin sukuru. Mariƙin alminiyum ba shi da nauyi kuma yana da sauƙin yanka, amma yana ratsar da zafi cikin bango sosai, sai an sa masa matashin roba a gindi. Na ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi tsada, ya fi ƙarfi, kuma zafin da yake ratsarwa kaɗan ne. Sukurorin su kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa ajin A2, ko A4 idan ginin yana kusa da teku, domin baƙin ƙarfe idan ya haɗu da alminiyum a cikin danshi ɗayan yana cin ɗayan. Shi kansa allon a nemi takardar ajinsa na gobara. Gobarar benen Grenfell da ke Landan a watan Yunin 2017, wadda ta ci rayuka 72, ta bazu ne ta allunan alminiyum masu roba a tsakiya, kuma a shekarar 2018 Ingila ta taƙaita lulluɓin dogayen gidajen zama ga kayan ajin gobara na A1 da A2, wato waɗanda ba sa cin wuta ko da ƙyar suke ci.

Maganar daɓe gajeriya ce, tunda allon jifsum na bango ba a yi shi don takawa ba. Abin da ake shimfiɗawa shi ne allon jifsum mai zare, ko na siminti, ko katako mai kauri, a kan ƙafafu masu zare da ake murɗawa su hau ko su sauka. A ofisoshin da ke bin da wayoyi ta ƙasa, ƙafafun ƙarfe ne ke ɗaukar falanki masu santimita 60 a kowane gefe, kuma idan tsayin ya yi yawa ana haɗa kawunansu da sanduna don kada su yi rawa. Ƙafafun roba sun fi dacewa da baranda, inda ruwa ke bi ta ƙasa. A gidan bene, mariƙi mai matashin roba ne ke rage ƙarar taku ga na ƙasa, da sharaɗin kada sukuru ya ratsa robar ya taɓa kankare.

Alƙaluman nauyi da na jure gobara da kamfani ke bugawa sun shafi allonsa ne tare da sandarsa da mariƙinsa da sukurunsa kamar yadda aka gwada su a haɗe. Sandunan kamfanoni daban-daban sukan bambanta a lanƙwasar baki ko da sunansu ɗaya, ta yadda mariƙin wani zai shiga sandar wani amma ya riƙa motsi. Mai saye ya nemi takardar bayanin tsarin, ya duba tazarar mariƙai da aka rubuta ga nauyin da yake shirin ratayawa, sannan ya ɗauki mariƙi ɗaya ya maƙala shi a sandar tun kafin a loda kayan.