Mako takwas ina koyon rubutun Fir'aunoni a Alƙahira: sharhina kan darasin

Shekara uku ina karatu a Alƙahira, kullum ina ganin zanen tsuntsaye da macizai a jikin kayan tsaraba a kasuwar Khan el-Khalili, a zatona ado ne kawai. A hutun da ya wuce na yi rajista a wata cibiya da ke koyar da hiroglif, wato rubutun Misirawan zamanin Fir'auna. Mako takwas ne, sau biyu a mako bayan Magariba, mu 14 a aji.

Ranar farko malamar ta zana mujiya a allo, ta ce mu karanta. Duk muka ce "mujiya". Ta girgiza kai, ta ce wannan harafin "m" ne. Igiyar ruwa "n" ce, baki "r", ƙafa "b", maciji mai ƙaho "f". Irin waɗannan masu sauti ɗaya 24 ne, wasu alamomin kuma suna ɗauke da sauti biyu ko uku a haɗe. Abin da ya fi kama ni shi ne ba sa rubuta wasali. Babbaƙu ne zalla, babu farfaru. Duk wanda ya zauna a makarantar allo, ya kuma saba da Larabcin da ba a yi wa wasali ba, ba zai sha wuya a nan ba. Turawa biyu da ke ajinmu sai da suka yi mako biyu kafin abin ya zauna musu. Kalmar "kyau" ana rubuta ta n-f-r, masana ne ke cusa "e" a tsakani su ce "nefer" don baki ya iya furtawa.

Darasin da na fi so shi ne na alamomin da ba a furtawa, waɗanda ke zama a ƙarshen kalma su nuna jinsinta. Zanen gida sautinsa "pr". In an sa ɗan layi a ƙarƙashinsa, gida ake nufi. In aka bi shi da "r" da ƙafafu biyu masu tafiya, ya zama "fita". Hikima ce babba, domin da ita suke raba kalmomin da babbaƙunsu suka zo ɗaya. Ta ina ake fara karatu? Ka dubi inda tsuntsaye da mutane suka fuskanta, ka taho ta gabansu kamar mai zuwa gaishe su.

Tarihin bai ci lokaci da yawa ba, amma ta ba da shi da kyau. Rubutun ya faro wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi a haikalin Philae da ke kudancin Masar a shekarar 394 miladiyya. Daga nan sai da aka shafe fiye da shekara 1,400 babu mai iya karanta shi. A 1799 sojojin Faransa suka tsinci wani dutse, wanda Turawa ke kira Rosetta Stone, a garin Rashid, ɗauke da sanarwa ɗaya cikin rubutu uku: hiroglif, demotik (rubutun yau da kullum na Misirawan lokacin) da Girkanci. Wani masani Bafaranshe mai suna Champollion ya warware sirrin a 1822, ta hanyar sunayen sarakuna da ake kewayewa da zobe, da kuma sanin da ya yi wa harshen Kibɗawa, wanda shi ne jikan tsohon Misiranci. Dutsen yana Landan tun 1802, kuma malamar ba ta ɓoye takaicinta a kan haka ba.

Da ta ji ni Bahaushe ne, sai ta ce, "Ya kuke cewa arba'a?" Na ce huɗu. Ta rubuta f-d-w. Ta rubuta m-w-t, ta ce ma'anarsa mutuwa. Tsikar jikina ta tashi. Ta yi saurin ja mini kunne cewa wannan ba ya nufin Hausa daga Misiranci ta fito, dangi ɗaya ne dai masana suka sa su tare da Larabci. Na ji daɗin wannan gaskiyar tata.

Akwai gyara. Takardun da ake raba mana hoto ne a kan hoto, har ba ka bambanta ungulu da shaho, alhali a wannan rubutun ɗan bambancin baki ko wutsiya yana sauya sauti. Malamar kuma tana gudu da Larabcin Masar idan ta yi nisa, wanda Fusha, wato Larabcin littafi, kaɗai ya iya zai riƙa rasa zare. Mafi ciwo, an cushe babin aikatau cikin zama biyu na ƙarshe, shi kuwa ya cancanci wata guda.

Duk da haka ban yi asarar kuɗina ba. Bayan kammalawa na je gidan tarihi na dandalin Tahrir, na tsaya gaban wani allon dutse na kabari, na bi layin farko da yatsa daga nesa: "hetep di nesu", kyautar da sarki ke bayarwa, sai burodi, shanu, tsuntsaye, sai sunan mamacin. Na yi kusan rabin awa kafin na haɗa layi biyu. Ɗalibanmu na Azhar masu sha'awa, ina ba ku shawara ku shiga, amma ku tafi da fensir da littafi mai faɗin layi, ku kuma nemi jerin alamomi mai kyawun bugu tun kafin zaman farko.