Ƙasar da ake auna wa tsuntsu hatsi

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kowa lafiya. Ya sanyi, ya aikin fadama? A gaishe min da Inna, a ce mata man kaɗen da ta aiko ya iso, shi ke riƙe da leɓɓana da dugadugaina a wannan hunturun.

Rannan ka tambaye ni me mutanen nan suke yi idan dusar ƙanƙara ta rufe gari, tunda ba noma ba kiwo, sai waya ta yanke ban ba ka amsa ba. To ga amsar, amma ka gyara zama don na san za ka yi dariya: suna ciyar da tsuntsaye, suna kuma ƙirga su. Ni ɗin nan da ka sani, wanda Baba ke tasa da asuba ya tafi gonar shinkafa da gwangwani da majaujawa korar jan-baki, yau da kuɗin gumina na sayo hatsi na rataya wa tsuntsaye a taga.

Garinmu Burlington yana jihar Vermont, can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka, dab da iyakar Kanada. A watan Disamba ƙarfe 4 da 'yan mintuna rana ta faɗi. Kana idar da azahar la'asar ta kawo kai, kana shafa addu'a an shiga magariba. Wasu dararen na Janairu sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Wanda bai nemi abin da zai fitar da shi waje ba, zaman ɗaka sai ya taɓa masa rai. Wata dattijuwa da muke aiki tare ce ta lura na yi shiru da yawa, ta ce in sayi mazubin hatsi in rataya, in ga abin da zai zo.

Bari in fara da kanti, tunda kai mutumin kasuwa ne. Inda ake sayar da kayan gona da na gini a unguwarmu akwai layi guda cur na abincin tsuntsayen daji, ba na kaji ba, ba na tattabarun gida ba. Buhunan baƙaƙen 'ya'yan sanfulawa, furen nan mai bin rana, babban yana da nauyin kilo 18. Gyaɗa ɓararriya. Wani farin gero mai ƙananan ƙwaya, dangin namu ne amma ba shi ba ne. Curin kitsen shanu da aka cuɗa da hatsi, an yanka shi kamar sabulun wanki. Akwai kuma wani siririn baƙin iri da aka rubuta wa Nyjer. Da na gani na ɗauka daga Nijar ake kawo shi, har na fara ɗaga kafaɗa. Ashe daga Habasha da Indiya yake zuwa, kuma sai an bi shi da zafi kafin ya shigo, don kada ƙwayar wata ciyawa ta biyo shi ta tsira a ƙasarsu.

Ba a ciniki, Yaya. Ba "nawa za ka bari", ba "albarka", ba gyara a kan mudu, ba "kawo ciko ranar kasuwa". Kuɗin da ke jikin takarda shi ne, a wurin biya kuma su ɗora harajin jiha kashi 6 cikin 100, garinmu ya ƙara kashi 1. Tufafi da takalma kam ba a karɓar musu wannan harajin a jihar nan, abin da ya ɗan rage mini zafi ranar da na sayi rigar sanyi.

Ni da son araha sai na ɗauki buhun gauraye, wanda ya fi kowanne sauƙi. Na zo gida na kwance, me zan gani? Jar dawa ce ta fi yawa a ciki. Dawa dai tamu ta tuwo da kamu. Na ce to madalla, yau tsuntsayen Amurka za su ci abincin sarakai. Kwana uku ina kallo ta taga: su sauka, su sa baki su tsince sanfulawa, su watsar da dawar ƙasa. Kan ƙanƙara ya yi ja kamar masussuka. Washegari na gaya wa dattijuwar nan, ta yi dariya ta ce ai dawa cikon buhu ce, tsuntsayen wannan yankin ba su damu da ita ba. Wanda ya damu da ita ɓera ne da kurege, sai kuma mai gidan hayarmu, wanda ya manna mini takarda a ƙofa. Kuregen nan kuwa halinsa ɗaya da na tatsuniya. Har mazubi na musamman ake ƙerawa dominsa, mai rufe bakinsa da zarar abu mai nauyi ya hau, ana sayar da shi ninkin na gama-gari.

Abu ɗaya da na yaba: madubin hangen nesa na farko da na saya ya yi hazo daga ciki tun fitar farko. Na mayar da rasit, yarinyar kantin ba ta tambaye ni rantsuwa ba, ta mayar mini da kuɗina. Na tuna rasit ɗinmu da ake buga wa gargaɗin cewa kaya in ya fita ya fita. Sai dai fa a nan in abu ya lalace bayan wa'adi, babu wani mai gyara a bakin kasuwa da zai kwance shi ya hura ya ɗaure a kan ɗan abin da ba a rasa ba. Kuɗin hannu ya fi kuɗin kaya, sai bola.

Ciyarwar ma da lokacinta. Hukumar kula da namun daji ta jiha tana ba da shawara a rataya mazubi daga 1 ga Disamba, a sauke cikin watan Maris, saboda beyar. Wata baƙar dabba ce ƙatuwa da ke kwana a rami duk hunturu, ta farka da yunwa, kuma in ta saba da hatsin ƙofar gida ta zama fitina.

Dattijuwar ce ta kai ni wurin da nake son ba ka labari. A ƙauyen Huntington, tafiyar rabin awa da ɗan ɗoriya a mota, akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi na tsuntsayen Vermont, a cikin daji. Wani masassaƙi mai suna Bob Spear ya kafa shi, aka buɗe a 1987, shi kuma ya rasu a 2014. Tsuntsaye fiye da 500 ne a ciki, duk na itace. Da na shiga na rantse gawar tsuntsu ce aka cusa wa auduga. Sai da na kai fuskata dab da gilashi na ga kowane gashi an fitar da shi ɗaya bayan ɗaya a jikin icce, aka bi da fenti. Ga namiji, ga tamata, ga sheƙa da ƙwai, kowanne daidai girmansa na rai. Na tsaya ina tuna masassaƙan garinmu masu turmi da akushi da ƙota. Hannun bai fi nasu ba. Lokaci ya samu, da mutanen da za su biya kuɗin shiga su kalla.

Daga Mayu zuwa Oktoba ne suke buɗewa sosai. Sauran watannin sai ka kira ka sa rana. Na ɗauka rufewa irin wadda muka sani ce, kwaɗo a ƙofa da maigadi a kan benci. Ina! Masu aikin sa-kai na haɗuwa da sassafe su zaga dajin, su rubuta duk tsuntsun da suka gani ko suka ji kukansa. Na bi su sau ɗaya da wani takalmi mai faɗi kamar faifai da ake ɗaurawa a ƙarƙashin na ƙafa don kada mutum ya nutse. Ban saya ba, aro na yi a ɗakin karatu, da katin da nake aron littafi. Sau biyu ina kifewa, tsofaffi masu jikoki suna ɗaga ni.

Inda na fi daɗewa wata babbar taga ce mai kallon mazuban hatsi. A nan na saba da wani ɗan tsuntsu da suke kira cikadi, sunan daga kukansa aka ɗauko. Bai wuce girman tsada ba, baƙar hula, farin kunci, nauyinsa gram 11 ko kusa da haka. Ba ya zama ya ci. Ƙwaya ɗaya zai ɗauka, ya tashi ya hau reshe, ya danne ta da ƙafa, ya yi ta sara har ta fashe. Wata kuma ya kai ta ɓawon itace ya ɓoye, kuma yana tuna wurin. Da dare yakan sauke zafin jikinsa don kitsen da ya tara ya kai shi safiya. Ni da riga huɗu da safar hannu biyu ina karkarwa, shi yana ta harkarsa. Ga maƙwaƙwafi a kan curin kitse, ga talo-talon daji suna tsintar abin da ya zuba. Mujiya kuwa, wadda in ta yi kuka a kan gidanmu Inna ke kwana addu'a, a nan akwai fara da ke saukowa daga ƙarshen arewa a wasu shekarun, mutane su ƙona mai su je kallonta.

Ƙirgar ta daɗe. A 1900 wani masanin tsuntsaye, Frank Chapman, ya kawo shawarar a bar gasar harbi da ake yi ranar Kirsimeti, a koma ƙidaya, kuma har yau ana yi duk shekara. Akwai wata ta kwana huɗu a watan Fabrairu da aka fara a 1998: ka zauna minti 15 ko a tagarka ne, ka tura abin da ka gani ta manhajar eBird ta jami'ar Cornell. Da wannan rubutun suke gane wane tsuntsu ke raguwa, wane ke matsowa arewa.

A nan ne raina ya sosu. Abin da suke lallaɓawa cikin ƙanƙara ba ya kama ƙafar abin da ke fadamar Haɗejia da Nguru a daidai wannan lokacin na hunturu. Nasu masu gudun sanyi kudu suke yi, wasu har Amurka ta Kudu. Baƙinmu kuwa daga Turai suke keto Sahara su sauka a dausayin Dagona na Yobe, su tarar da dinya da kirinjijiya da zalɓe. Tafkin Nguru ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar na dausayin duniya, a 2000. A Jos ma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a dajin Amurum. Amma mu 'yan gari, saninmu a ka yake. Baba yana ganin shamuwa zai ce a gyara garma. Ka tuna yadda gauraka ke yawo a bayan gari muna yara? Wace shekara ka yi mata ganin ƙarshe? Ni na kasa tunawa. Jan-baki kaɗai muke lissafi da shi, tun da ciyawar kacala ta cinye hanyoyin ruwa ta ba shi masauki, shi ma sai ya gama da gona.

Na san mai tsaron shinkafa ba shi da sukunin kallon tsuntsu don nishaɗi, ban manta ba. Amma madubin hangen nesan da na saya daga baya yana da kyau, na sayi na biyu irinsa, zan ba mai zuwa gida bayan sallah ya kawo wa babban ɗanka. Manhajar tana aiki a Najeriya. Kafin nan ka zaunar da Kawu ya lissafo sunayen tsuntsayen fadama da ya sani, ka ɗauki muryarsa a waya ka turo mini. Mutanen gidan tarihin sun tambaye ni, na kawo goma sha biyu na tsaya, kunya ta kama ni.

Rabin buhun dawar nan yana bayan ƙofa har yanzu. An rubuta a jikinsa ba na cin mutane ba ne, zubarwa kuma na kasa.

Ƙaninka.