Jirgi mai saukar ungulu na rimot: tsakanin Syma S107G, WLtoys V911S da XK K110, wanne ya dace da ɗan koyo?

Kafin ka dubi kyan fenti ko girman jirgi, dubi abin da aka rubuta a jikin kwalin: 3CH, 4CH ko 6CH. Wannan lamba ce ke nuna yawan motsin da rimot zai iya sarrafawa, kuma ita ce ke raba kayan wasan yara da jirgin da ake koyon tuƙi da shi. Jirage uku muka ɗauka, ɗaya daga kowane aji, dukkansu ƙirar Sin, ƙanana kuma masu sauƙin kuɗi.

Syma S107G shi ne wanda kusan kowa ya fara gani. Tsawonsa kamar santimita 22, farfelarsa biyu ce, ɗaya a kan ɗaya, kowace tana juyawa saɓanin 'yar'uwarta. Wannan tsari ne ya sa yake tsayawa cak a iska ko da an saki hannu. Yana tashi sama ya sauko, ya juya hanci dama ko hagu, ya yi gaba ko baya a hankali. Iyakarsa ke nan, ba ya karkata gefe. Batirinsa 3.7V ne mai 150mAh, a rufe a cikin jirgin, sai a yi caji na kusan minti 45 a samu tashi na minti 6 zuwa 7, a sake zaman jira. Rimot ɗinsa kuma da hasken da ido ba ya gani yake aiki, irin na rimot ɗin talabijin, saboda haka da an fita rana sai ya daina jin magana. Fanka ta sama kaɗai ta isa ta buga shi da bango. Ga yaro ɗan shekara goma a cikin falo, kyauta ce mai kyau, kuma yana jure faɗuwa. Ga wanda yake son ya iya tuƙi, ba za mu ba da shawararsa ba: abin da hannu ya saba da shi a kansa, sai an warware shi daga baya, domin sandar rimot da ke juya hanci a nan ba ita ce ke juya shi a manyan jirage ba.

Zaɓinmu ga ɗan koyo shi ne WLtoys V911S. Farfela ɗaya gare shi a sama da ƙarama a jela, kamar jirgin gaske, rimot ɗinsa na rediyo ne mai 2.4GHz, rana ba ta dame shi ba. Motsi na huɗu da ya ƙaru shi ne karkata gefe, kuma da shi ne aiki ke farawa. Fikafikan farfelarsa a kusurwa ɗaya suke a kafe, don haka tashi da sauka daga ƙarin gudun inji ko raginsa suke zuwa. Amfanin hakan biyu ne. Kan farfelar ba shi da tarkace da yawa da za su karye, sannan da ka mayar da totur ƙasa inji ya tsaya, jirgin ya faɗo ba tare da wani ƙarfi a fikafikansa ba. Akwai na'urar daidaito a cikinsa, wadda ake kira jairo, mai mayar da shi daidai idan an saki sandar dama. Batirinsa 250mAh ne, ana zare shi a sa wani, wanda babban bambanci ne da na Syma.

Aibinsa ma a faɗa. Injinansa masu buroshi ne, wato akwai 'yan ƙarafa a ciki da ke gogar ɓangaren da ke juyawa, suna cinyewa, musamman ƙaramin na jela. Alamar mutuwarsa ita ce jirgi ya riƙa juya hanci da kansa idan an ƙara totur, daga baya ya koma katantanwa. Abin da ke saurin kashe shi shi ne jera batir bayan batir ba hutu. A ba shi minti biyar zuwa goma ya huce, a watannin Maris da Afrilu ma a ƙara. Haka kuma ba ya son iska. Idan ta taso masa daga gaba sai ya yi sama, ka rage totur, farfela ta rage gudu, iko ya ragu daidai lokacin da kake bukatarsa. Lokacinsa shi ne sassafe ko gab da magariba, ko kuma cikin babban zaure. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga haƙoran giya da cikin inji, sai a riƙa share su da busasshen buroshin haƙori, ba a zuba mai, don mai ƙura yake tarawa.

Wajen saye a lura da rimot: a zaɓi wanda aka rubuta Mode 2. A kansa sandar hagu ce ke da totur da juya hanci, ta dama kuma gaba, baya da gefe. Shi ya fi yawa a duniya, yawancin darussan bidiyo ma da shi ake yi. Sannan a tabbata an rubuta RTF, wato komai na cikin kwali. Wanda aka rubuta BNF ya fi araha saboda babu rimot a ciki, kuma ba kowane rimot ne zai yi magana da shi ba.

Tsarin tayarwa ba ya canjawa. Totur a ƙasa ƙurmus, a kunna rimot tukuna, sannan a haɗa batirin jirgi, a ajiye shi a shimfiɗaɗɗen wuri kada a taɓa shi na 'yan daƙiƙu har fitila ta daina ƙyaftawa. A wannan ɗan lokacin ne jairo ke gane inda "daidai" yake. Wanda ya riƙe jirgi a hannu a karkace, a karkace zai tashi masa. Wajen kashewa kuma batirin jirgi ake fara cirewa. Ka tsaya taku uku ko huɗu a bayansa, jelarsa na kallonka, yadda damarka za ta zama damarsa. Zai so ya sulale hagu yayin barin ƙasa, wannan turin farfelar jela ne, ba lalacewa ba ce. Kada ka yi ta lallaɓa shi a ƙasa, domin iskar da yake turawa tana dawo masa ta rikita shi. Ɗaga shi kai tsaye zuwa tsayin gwiwa ko ƙugu. Batir goma na farko a ƙare su a kan abu ɗaya: tsayar da shi a kan tabarma ɗaya. Daga nan sai a juya shi gefe, a ƙarshe hanci ya fuskanto ka, inda dama ke komawa hagu. A nan ne mafi yawan mutane ke fasa jirgi. Ko me ya faru, da ka ga zai bugi abu, totur ƙasa. Farfelar da ta maƙale inji na ci gaba da ja, haƙoran giya take cinyewa ko ta ƙona allon lantarki.

XK K110 wani aji ne daban. Nauyinsa kusan giram 60, babban injinsa marar buroshi, batir 450mAh, tashi kamar minti biyar. A nan farfela tana riƙe gudunta, kusurwar fikafikai ce ke canjawa, shi ya sa yake jure iska, yake amsa umarni nan take, har ya iya tashi a kife. Yana da yanayi biyu, 6G mai daidaita kansa da 3D wanda ba ruwansa da kai. Mai haƙuri zai iya farawa da shi a 6G a kan ciyawa, da sharaɗin ya fara koyon makunnin da ke yanke inji, domin idan an saita farfela ta riƙe gudunta, mayar da sandar totur ƙasa ba ya kashe farfela, cusa jirgin ƙasa yake yi. Bayan faɗuwa, idan ya fara rawa ko ka ga fikafikai biyu ba sa bin layi ɗaya, siririn ƙarfen da ya ratsa kan farfela ne ya lanƙwashe, a canja shi. Manhajar koyo a kwamfuta irin su RealFlight ko Heli-X tana rage wannan asara ƙwarai. A ganinmu dai jirgi na biyu ne.

Mai hali zai iya duba Blade 120 S2 na kamfanin Horizon Hobby da ke Amurka: ajin V911S ne, ya fi shi girma da inganci, sai dai kayan gyaransa sun fi tsada. Manya irin Align T-Rex 450 kuwa a bar su tukuna, fikafikansu suna yanka nama.

Batura na bukatar kulawa ta musamman. Cikarsu 4.2V ce. Da jirgi ya fara nauyin tashi a sauke shi, kada a tatse batir ƙarƙaf, ƙasa da 3V lalacewa yake. Idan za a ajiye fiye da 'yan kwanaki, a bar shi wajen 3.8V, wato kamar rabin caji. Ba a caji a kan katifa ko a tafi a bar shi, ba a barinsa a cikin mota da rana, wanda ya kumbura kuma ya gama aiki. Caja ta USB ce, don haka batirin ajiya na waya ya wadatar idan an ɗauke wuta.

Tunda kayan gyaran nan ba kasafai ake samunsu a shago ba, kuma saƙo daga Sin yana ɗaukar makonni, a haɗa su cikin oda ɗaya da jirgin: batura huɗu da caja mai baki da yawa, fikafikan sama saiti biyu, farfelar jela uku, injin jela biyu, babbar giya ɗaya, ƙafafun sauka, da 'yan sandunan roba masu haɗa kan farfela, waɗanda ke ɓallewa su ɓace cikin yashi. A tambayi mai sayarwa ko yana aiko da batir zuwa ƙasarku, don jiragen dakon kaya suna da ƙa'ida a kansa. A Najeriya kuma tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ɗora sharaɗin izini a kan jirage marasa matuƙi, saboda haka a nisanci filin jirgi, barikin soja da taron jama'a. Tsakar gida mai faɗi ko filin ƙwallo da babu kowa ya isa.