Tankin ruwan na'urar CPAP: wanne ya dace da ruwanmu da hunturunmu?

Duk wanda likita ya ɗora a kan na'urar CPAP, mai tura iska ta hanci, saboda ɗaukewar numfashi a cikin barci ya san abin da ke saurin tsufa a jikinta: ɗan tankin ruwan da ke maƙale a gefe. Shi ke jiƙa iska kafin ta bi tiyo ta shiga hanci. A nan Birnin Kebbi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke tsattsage leɓe, in ka kwana babu shi za ka tashi maƙogwaro kamar an watsa yashi, wani lokacin har da haɓo.

Tawa AirSense 10 ce ta kamfanin ResMed, tankinta na cin mililita 380. Iri biyu kamfanin ke yi mata. Akwai na gama-gari, wanda aka ce a riƙa zuba masa tataccen ruwan tururi kawai, wato distil. Akwai kuma wanda aka yi domin jure wanki, kuma shi nake ba kowa shawara ya nema ko da ya fi tsada. Robarsa ta fi ƙwari, an yarda a sa shi a injin wanke kwanoni, an kuma yarda a zuba masa ruwan sha mai tsabta. Mu ba injin wanke kwanoni ne ya dame mu ba. Abin dubawa shi ne tankin da ya jure wannan zafin zai jure hannunka kowane mako. Ruwan burtsatse da fiya wata duk suna barin farin ɓawo a gindi, irin na cikin butar shayi, kuma tafasa ruwa ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire wannan gishirin. Ga ƙurar hazo da ba ta barin komai. Ni duk Asabar nake buɗe nawa, in ciro robar bakin murfi, in wanke da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi. In ɓawo ya taru, sai in jiƙa shi da farin ruwan khal kashi 1 a cikin ruwa kashi 10, in ɗauraye sosai, in kife a inuwa. Ban da shanyawa a rana, ban da bilic, ban da ɗiga turare ko man zafi wai don ƙamshi. Kowace safiya kuma a zubar da ragowar ruwan jiya.

Na gama-garin ba shi da laifi in kana da inda kake samun distil na gaskiya a kai a kai. Ɗan soson nan mai kama danshin numfashi da ake sa wa ƙananan na'urorin tafiya kuwa, duk wata ake sauya shi, ban ga ya yi mana ba. Kwana babu tanki sam yana rage cin wuta ga mai dogaro da inbata, tunda farantin ɗumama ruwa ne ya fi zuƙe batir, amma sai dai da damina.

Tanki ba ya hawa kowace na'ura. Na AirSense 11 ba ya shiga AirSense 10, balle na na'urorin wasu kamfanoni irin su DreamStation ko BMC. Ka ɗauki hoton sunan na'urarka da lambar da ke jikinta kafin ka tura wa kowa kuɗi.

Inda na ƙone shi ne wajen jabu. Bara na ga wani a intanet yana tallar tanki da rahusa, hoto tsaf kamar na kamfani, aka sako min shi a motar haya. Kwana na tara, cikin dare uwargida ta tashe ni: "Malam, tashi, ruwa ne ke ɗiga kusa da soket." Na haska fitilar waya, na ga ruwa ya bi gindin na'urar yana sauka daga kan durowa ɗis, ɗis. Mahaɗar roba da ƙarfen gindi ce ta buɗe. Allah ne ya tsare bai shiga cikin injin ba. Daga baya na lura da alamun da na yi sakaci da su: layin iyakar ruwa dishi-dishi, makullin murfi ba ya cewa ƙas, robar baki tana zamewa da ɗan taɓawa, kwalin kuma babu lambar kaya. Akwai masu wanke tsohon tanki su sa a leda su ce sabo ne. Ɗaga shi sama ka duba a haske, za ka ga robar ta yi gajimare, gindin da ƙarce-ƙarce. Kowane tanki ya zo hannunka, cika shi zuwa layi, ka ɗora a kan busasshiyar jarida na awa guda kafin ya kusanci na'urarka. Mai sayarwar da ya ce ba ya karɓar kaya in sun yi yoyo, ka bar masa kayansa.

Wani haɗarin da ya fi wannan shi ne ruwan batir. Mutane na jin an ce distil sai su nufi wajen masu cajin batir. Wani mai gyara da na tambaya ya nuna min jarkoki biyu iri ɗaya, ya ce, "Alhaji, wannan da asid a ciki, kada ka yarda ya je kusa da hancinka." Ba rubutu a jikin ko ɗaya. Ka saya a babban kemis ko wurin masu kayan asibiti, a rufe da hatiminsa.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sauya tanki duk wata 6, ko da zarar ya tsage, ya dishe, ko ɓawo ya ƙi fita. Tunda kayan daga Kano, Abuja ko Legas suke zuwa mana, ni biyu nake saye lokaci ɗaya, a watan Oktoba, ɗaya na aiki ɗaya na cikin durowa a ledarsa.