Sharhi kan aikin masu fisiyo a ɗakin bakwaini

Da yawa in sun ji an ce mai fisiyo, wato ma'aikacin asibiti mai kula da motsin gaɓoɓi, zai duba jaririn da ke cikin kwalba, tausa suke tsammani. A abin da na gani na wannan hidima, tausa ce mafi ƙaranci. Ƙarfin aikin yana wajen kwanciya da shan nono.

Bakwaini ba shi da ƙarfin naɗe jikinsa kamar yadda yake a ciki. In aka shimfiɗe shi haka nan, cinyoyi su buɗe kamar na kwaɗo, kafaɗu su koma baya, kai ya baje ta gefe ya yi tsawo. Sai masu fisiyon su naɗe tawul biyu, su lanƙwasa su kamar sheƙa, su rufe da zane mai laushi. Tafin ƙafa ya samu abin tokara, gwiwa ta naɗe, hannu ya zo kusa da baki. Ana juya shi duk awa 3 zuwa 4, lokacin canza kunzugu, don kada a riƙa tashinsa daga barci. Kunzugun ma in ya yi masa girma, shi ke ƙara buɗe cinyar, a naɗe bakinsa.

Wajen nono sun fi burge ni. Tsotsa da haɗiya da numfashi ba sa haɗuwa sai jaririn ya kai kamar mako 32 zuwa 34 a lissafin cikinsa, don haka kafin nan ta robar hanci yake sha, ana sa masa ɗan abin tsotso ya saba. In ya fara sha da baki, a gefe ake kwantar da shi, kai a ɗan sama, a tsayar bayan tsotsa uku zuwa biyar ya numfasa. Hamma, shaƙuwa, ware yatsu ko sauyin launi, duk a dakata. Ɗura shi ke sa yaro ya sarƙe, daga baya ya ƙi nonon.

Inda suka gaza: safiya kawai suke zuwa, ban da ƙarshen mako, masu aikin dare kuma wani lokaci su warware sheƙar. Sannan ba sa nanata wa iyaye cewa rub da ciki na asibiti ne, inda na'ura ke lura da numfashi. A gida rigingine zai kwanta, babu tawul, babu matashi.

Huɗu cikin biyar na ba su.