Gargaɗi ga masu ofis a Legas: a kula da mai gyaran sabar imel na bogi

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman masu ofisoshin fiton kaya a Apapa da manyan 'yan kasuwarmu na Agege da Idi-Araba da suka ajiye sabar imel tasu ta kansu, wato kwamfutar da ke aikawa da karɓar saƙonnin ofis. Akwai wani da ke bin ofisoshin mutanenmu yana cewa shi injiniya ne. Kula da saba ita ce sana'ata, kuma na ga ɓarnar da ya bari a bayansa, shi ya sa na kasa yin shiru.

Yana zuwa ne lokacin da saƙo ya daina fita, galibi bayan an canza kamfanin intanet. Sai ya buɗe baƙin allo, ya ɗora yatsa a kan layin da ke cewa "Host not found, try again", ya ce: "Alhaji, Google ce ta toshe ku, sai an biya kuɗin lasisi da dala." Wallahi ƙarya ce. Ba a sayen wani lasisi kafin saƙonka ya shiga Gmail.

Ga ainihin matsalar. A kan sabar da ke aiki da tsarin Debian ko Ubuntu, manhajar aika imel ta Postfix tana kulle yawancin sassanta a cikin /var/spool/postfix, tsarin da ake kira chroot. Kamar yaron shago ne da aka rufe a sito, ba ya ganin komai sai abin da aka shigar masa. An yi haka ne don tsaro, ko ɓarawo ya kutso ta nan ba zai kai ga sauran na'urar ba. To sashen da ke aika saƙo ba ya ganin /etc/resolv.conf na asali, wato fayil ɗin da ke nuna masa inda zai nemo adireshi, kwafinsa yake karantawa a /var/spool/postfix/etc. In kwafin ya tsufa ko babu komai a ciki, ba zai iya gano adireshin kowa ba, sai saƙonni su taru a layi. A sabunta kwafin, a sake tayar da Postfix, a buga umarnin postqueue -f don a sake tura saƙonnin da ke layi, shi ke nan. Saƙonninku ma ba su ɓata ba, Postfix kan riƙe su kwana 5 tana sake gwadawa kafin ta mayar wa mai su.

Kuɗin lasisin ma ƙaramin abu ne. Abin da ya fi tayar min da hankali, yana karɓar kalmar sirrin root, wato babban asusun da ke da iko da duk sabar, da sunan gyara, sai ya ƙara layin always_bcc a cikin main.cf, fayil ɗin saitin Postfix, da adireshinsa. Daga ranar duk wasiƙar da ta shiga ko ta fita sai kwafinta ya isa gare shi. Yana zaune yana karanta takardun cinikinku, in ya ga babban biya ya matso, sai ya rubuta wa abokin cinikinku da sunan kamfaninku cewa an canza lambar asusu.

Duk wanda baƙon mai gyara ya taɓa masa saba, ya sa yaronsa amintacce ya buga postconf always_bcc yau ɗin nan. In adireshi ya fito bayan alamar daidai, a goge shi, a canza kalmar sirri, a duba authorized_keys, fayil ɗin makullan shiga saba daga nesa, ko ya bar makullinsa. Sannan a kira abokan ciniki ta waya, a gaya musu lambar asusu tana nan yadda take. In har kuɗi sun riga sun fita, a garzaya banki nan take, a kai ƙara ofishin EFCC na Ikoyi tare da kwafin saƙonnin.